Dashen Ɓargo Ga Masu Sankarar Jini: Abin Da Bincike Ya Gano Kan Maganin Share Fage

Sankarar jini, wadda likitoci ke kira lukemiya, ba ta yin ƙari irin wanda ake yankewa a cire. Tana tasowa ne daga ɓargo, inda jiki ke ƙera ƙwayoyin jini. Gurɓatattun fararen ƙwayoyi su kan yawaita har su mamaye gurbin masu lafiya, sai mutum ya riƙa fama da ƙarancin jini, zazzaɓin da ba ya jin magani, zubar jini daga dasashi ko hanci, da ciwon ƙashi. A tsakanin manya, nau'in da ake kira AML shi ne ya fi yawa cikin masu saurin kamawa, kuma shi ne ya fi kai majiyyaci ga buƙatar dashen ɓargo.

Ga mazaunin Gangaren Tudu a cikin garin Keffi ta Jihar Nasarawa, hanyar takan fara ne daga gwajin ƙidayar jini a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Idan sakamakon ya tayar da hankali, sai a ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu don a tantance nau'in cutar, wani lokaci kuma a tura mutum Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Dashe ba shi ne matakin farko ba. Sai an fara danne cutar da magunguna har ta lafa, sannan a duba ko akwai fargabar ta dawo.

Mene ne share fage?

Dashen kansa ba tiyata ba ce. Ana ɗura ƙwayoyin tushen jini na mai bayarwa ta jijiya, kamar ƙarin jini, su kuma su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi. Aiki mai nauyi yana gabanin haka: kimanin mako guda ana bai wa majiyyaci magungunan daji masu ƙarfi, wani lokaci haɗe da gashin jiki gaba ɗaya da na'ura. Likitoci na ƙirga waɗannan kwanaki ta baya, ranar dashe ita ce sifili.

Manufar ita ce a kashe ragowar ƙwayoyin cutar, a buɗe gurbi a cikin ɓargo, a kuma kwantar da garkuwar jikin majiyyaci don kada ta kori baƙin ƙwayoyin. Sai dai maganin ba ya bambance mai laifi da marar laifi. Yana sa gyambon baki da na hanji, yana iya toshe ƙananan jijiyoyin hanta, yana zubar da gashi, kuma galibi yana hana haihuwa. Daga ranar dashe zuwa lokacin da sabon ɓargo zai fara aiki, tsawon mako biyu zuwa huɗu, majiyyaci ba shi da garkuwa. Ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ma ji ta ba tana iya halaka shi.

Tambayar da masu bincike suka shafe shekaru suna bi ita ce: wane ƙarfi ne ya isa? Idan magani ya yi yawa, shi zai kashe majiyyaci. Idan ya yi kaɗan, cutar ce za ta dawo.

Daga Seattle zuwa yau

Likitan Amurka E. Donnall Thomas ya ba da rahoton dashensa na farko a 1957 a kan mutum shida, kuma babu wanda ya daɗe a cikinsu. Bai daina ba. A 1977 tawagarsa a birnin Seattle ta fitar da sakamakon majiyyata 100 da aka riga aka fid da rai da su, inda 13 suka rayu tsawon lokaci ba tare da cutar ba. A 1990 ya samu lambar Nobel. Hanyarsa ita ce gashin jiki haɗe da maganin saikulofosfamid.

A 1983 George Santos na jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa ana iya maye gurbin gashin da maganin busulfan. Wannan ya buɗe ƙofa ga asibitocin da ba su da na'urar gashi, abin da ke da muhimmanci ga ƙasa irin Najeriya, inda na'urorin ba su da yawa kuma layin jiransu ke da tsawo.

Sauyi na biyu ya zo a ƙarshen shekarun 1990. An lura cewa garkuwar jikin mai bayarwa ita ma tana farautar ragowar ƙwayoyin cutar bayan dashe. To, idan haka ne, me zai hana a sassauta maganin a bar mata sauran aikin? Tawagar Sergio Giralt a Houston, ta Shimon Slavin a birnin Ƙudus, da ta Rainer Storb a Seattle, sun gwada sassauƙan share fage, galibi da fuludarabin haɗe da ƙaramin kaso na busulfan ko melfalan. Da haka ne 'yan shekara 60 da sama, waɗanda a da ba a ko duba su, suka fara samun dashe.

Gwajin da aka dakatar

An yi zaton sassauƙan tsari zai wadatar da kowa. Wani gwaji da aka yi a Amurka, mai suna BMT CTN 0901, ya rusa wannan zato. An raba majiyyata masu shekara 18 zuwa 65 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su samu magani mai tsanani, wasu sassauƙa. An tsayar da ɗaukar mutane a kan 272 tun kafin a cika adadin da aka tsara, saboda bambancin ya fito fili. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa cikin wata 18 cutar ta dawo wa kashi 48 cikin ɗari na masu sassauƙan magani, amma kashi 13.5 kacal na masu tsananin. A ɗaya ɓangaren, waɗanda illar dashen ta kashe sun kai kusan kashi 16 a rukunin tsanani, kashi 4 a rukunin sassauci. Da aka bi su har shekara huɗu, kashi 62 na masu tsananin magani suna raye, 49 na masu sassauƙa.

Wani nazari na 2020 a kan jinin waɗannan majiyyata ya ƙara haske. Amfanin magani mai tsanani ya fi bayyana ga waɗanda gwajin ƙwayoyin gado ya gano ɓurɓushin cutar a jikinsu kafin dashe, alhali madubin likita ya nuna ta lafa. Waɗanda ba a ga komai a jininsu ba, rayuwarsu ba ta bambanta sosai ba ko da wane tsari aka bi. Irin wannan gwaji yana da tsada, amma ya fi arha a kan dashen da zai ruguje cikin shekara guda.

Sauran bincike sun koma neman maganin da zai riƙe ƙarfi ya rage guba. A Italiya, gwajin da aka wallafa a 2015 a kan mutum 252 masu shekara 40 zuwa 65 ya nuna cewa haɗa busulfan da fuludarabin maimakon saikulofosfamid ya rage mace-macen illar dashe a shekarar farko daga kashi 17 zuwa kashi 8. A 2020 kuma wani gwaji na ƙasashen Turai biyar, ƙarƙashin likitocin Jamus, ya kwatanta tiriyosulfan da sassauƙan busulfan ga tsofaffi da masu wasu larurori: bayan shekara biyu, kashi 64 na masu tiriyosulfan suna raye ba tare da cutar ta dawo ba, saɓanin kashi 50. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin a Janairun 2025.

Inda Najeriya ta tsaya

An yi dashen ɓargo na farko a ƙasar nan a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro ɗan shekara bakwai mai cutar sikila. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya sun sanar da nasarar nasu dashen na farko, shi ma ga masu sikila. Mai sankarar jini da ke buƙatar dashe galibi ƙetare yake fita, musamman Indiya, kuma kuɗin ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai. Asusun tallafin masu cutar daji na gwamnatin tarayya ya fara ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza.

Ba kowace sankarar jini ke buƙatar wannan doguwar hanya ba. Nau'in CML mai tafiya a hankali ana danne shi da ƙwayar imatinib, wadda tun 2003 ake bayarwa kyauta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

Samun mai bayarwa wata matsala ce. Damar da ɗan'uwa shaƙiƙi ke da ita ta dacewa cikakkiya ɗaya ce cikin huɗu, don haka gida mai 'ya'ya da yawa uwa ɗaya uba ɗaya yana da sa'a. A rajistar masu bayarwa ta Amurka, a 2014, damar baƙar fata ta samun wanda ya dace da shi ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, ta Bature kuwa ta kai kusan 75. An buɗe rajistar Najeriya a Enugu a 2012. Hanyar da ta fi rage wannan giɓi ita ce wadda Johns Hopkins ta wallafa a 2008: a karɓa daga uba, uwa, ɗa ko ɗan'uwan da ya dace rabi, sannan a ba da saikulofosfamid a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe don hana baƙin ƙwayoyin far wa jikin majiyyaci. Maganin tsoho ne kuma mai arha, kuma a gidajen da ke da 'yan uba da yawa hanyar ta faɗaɗa zaɓi ƙwarai.

Akwai abubuwa biyu da iyali za su kiyaye tun daga asibitin farko. A asibitocinmu dangi ne ke bai wa majiyyaci jini, amma wanda ake sa ran zai ba da ɓargo bai kamata ya ba shi jini ba, domin jikin majiyyacin na iya ƙera garkuwa a kansa ya ƙi dashen daga baya. Na biyu shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya gano a jikin kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya. Ƙwayar da ta yi shekaru a kwance tana iya farkawa da zarar maganin share fage ya karya garkuwar jiki, shi ya sa ake gwada majiyyaci da mai bayarwa, a kuma fara maganin hanta irin su tenofobir kafin a taɓa ɓargo. Haka ake bincikar tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a duba ƙarfin zuciya, huhu da ƙoda. Namiji mai fatan haihuwa kuma ana ba shi shawarar ajiye maniyyi kafin ranar farko ta magani.