Yadda ake ƙiyasta gishirin ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa

Rijiyar burtsatse mai zurfi tana cin kuɗi masu yawa, kuma babbar asara ita ce a gama haƙa a tarar da ruwan zartsi. Wannan matsala ta fi shafar manyan kwaruruka irin na Tafkin Cadi, Sakkwato da Binuwai, inda yashi, yumɓu da farar ƙasa suka taru hawa-hawa tsawon miliyoyin shekaru. A irin waɗannan wurare, galibi gishirin ruwa yana ƙaruwa ne gwargwadon zurfi, domin ruwan ya daɗe yana narkar da ma'adinai, wani kuma ragowar tsohon teku ne. Maɓuɓɓugan gishiri na Keana da Awe a jihar Nasarawa shaida ne a kan haka.

Ana auna gishirin ruwa da miligiram a kowace lita. Abin da bai kai 1,000 ba shi ne ruwan daɗi. Daga 1,000 zuwa 10,000 zartsi ne. Ruwan teku kuwa ya kai kimanin 35,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗanɗanon ruwa yana ɓaci idan ya haura 1,000.

Da yake ɗebo ruwa daga kowane hawa yana da tsada, masana sun dogara ga lantarki. Ruwa mai gishiri yana ba wa lantarki hanya cikin sauƙi, ruwan daɗi kuwa yana tirjewa. Saboda haka ake zura na'ura cikin ramin, tana auna tirjiyar kowane hawa. Kamfanin Schlumberger ne ya fara irin wannan awo a shekarar 1927 a Faransa. A 1942 kuma, injiniyan kamfanin Shell, Gus Archie, ya fitar da lissafin da ke danganta tirjiyar dutse da yawan ƙofofinsa da kuma tirjiyar ruwan da ke ciki. Idan aka san biyun farko, sai a gano na uku, daga nan a ƙiyasta gishirin. Bayanan tsofaffin rijiyoyin neman man fetur suna da amfani ƙwarai a nan, domin sun fi na ruwa zurfi.

Sai dai abubuwa biyu kan karkatar da lissafin. Yumɓu da kansa yana ɗaukar lantarki, har ya sa a zaci ruwan daɗi zartsi ne. Zafi ma yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi, yana rage tirjiyar ruwa, don haka dole a yi gyara.

Ke nan ƙiyasin jagora ne wajen zaɓen hawan da za a sa bututu, amma gwajin ruwan a ɗakin bincike shi ke yanke hukunci. Ya kamata mai ba da kwangila ya nemi sakamakon duka biyun a rubuce kafin ya biya cikon kuɗi.