Asirans ɗin mota da na gida: in za a canza kamfani, ina rangwamen yake?

Jama'ar Damargu, na gida da na ƙetare, wannan bayani ne a kan asirans, wanda ƴan'uwa na Najeriya suke kira inshora. Duk mai motar da ke bin kwaltar Damagaram zuwa Agadas ta Bakin Birji da Tanut, ko mai ɗaukar kaya zuwa kasuwannin Belbeji da Gangara, ya san jandarma ba su raba shi da kart giriz da permi in sun tsai da mota. Tambayar da ake yawan yi ita ce: in na bar kamfanin da nake, na koma wani, zan samu sauƙin kuɗi?

Za a iya samu, amma ba kamar yadda ake zato ba. Ga dalili. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na ƙungiyar CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a 1995. Kamfanonin da ke aiki a ƙasar, irin su SNAR-Leyma, CAREN, NIA da SUNU, duk wannan kundi guda suke bi. Aya ta 200 ta wajabta asirans a kan duk abin hawa mai inji, har da moto. Wannan na dole shi ne mai biyan wanda ka yi wa ɓarna: mutumin da ka buge, fasinjan da ya ji rauni, motar wani da ka lotsa. Ba ya gyara taka motar, kuma direban da ke tuƙi ba ya ciki.

To, aya ta 212 ta bar kowane kamfani ya yanka farashinsa, sai dai akwai farashin ƙasa da hukumar sa ido ta amince da shi, wanda ba a sauka ƙasa da shi. Ana lissafa shi ne da yankin da motar ke yawo, da ƙarfinta, da aikin da take yi, da irin wanda ke tuƙa ta. Shi ya sa in ka zaga ofis biyu ko uku, bambancin na dole ba ya da yawa. Kuma shi ya sa in wani ya tare ka a tasha ya ce zai samo maka takarda da rabin kuɗi, sai ka yi hattara. Takardar jabu tana iya wuce shinge, amma ranar hatsari, Allah ya kiyaye, diyyar rai ko kuɗin asibiti a wuyan mai mota suke faɗawa. A nan ne ake sai da garke da gona.

Rangwamen gaskiya yana wasu wurare. Biyan wata guda ko wata uku-uku yana da sauƙi a aljihu, amma in aka tara na shekara ya fi biyan shekara gaba ɗaya tsada. Wanda ya samu hali bayan kaka, gara ya biya dunƙule. Sai kuma ƙare-ƙaren da ba na dole ba, kamar na sata, gobara, fashewar gilashi da na direba. A nan kamfanoni suka fi bambanta, nan ne kuma ake ciniki. Tsohuwar motar da ta sha rairayi ba lalle ta bukaci duka ba, amma na direba bai kamata a yar da shi don ƴan jikkuna kaɗan ba. A kuma tambaya ko akwai ragi ga wanda ya shekara bai yi hatsari ba, a nemi takardar shaidar haka daga tsohon kamfani kafin a bar shi.

Wata dabara da bai kamata a yi ba: a rubuta mota a matsayin ta gida alhali haya take yi. Kuɗin kan ragu, gaskiya ne. Amma aya ta 18 ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan yarjejeniyarsa ta rushe, kuɗin da ya biya kuma ba su dawowa.

Yadda ake fita ya danganta da irin takardar da ke hannunka. In mai ƙayyadadden wa'adi ce, ranar da ta ƙare ka tashi, ba wanda zai riƙe ka. In mai sabunta kanta ce duk shekara, aya ta 21 ta ce sai ka sanar da kamfani aƙalla wata biyu kafin ranar cikar ta, ta wasiƙa mai rajista, ko ka je wurin wakilinsu ka faɗa a ba ka resi. Faɗa da baki ko a waya bai isa ba. Tun 2011 kuma, ba biya ba asirans: sai kuɗi sun shiga hannun kamfani ko wakilinsa kafin kariya ta fara. Tunda daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne, daga Belbeji ma ba kusa ba ne, kar a jira sai ranar ƙarshe. A sa sabuwar ta fara a daidai ranar da tsohuwar ke ƙarewa.

Kafin ka zaɓa, tambayi direbobin da suka taɓa yin hatsari: wane kamfani ya biya, bayan wata nawa, sau nawa aka sa su zuwa Damagaram ko Yamai? Ragin jika biyu ko uku bai kai kuɗin mota da kwanan gari na zirga-zirga ba. Wa'adin sanar da kamfani hatsari ba ya kasa kwana biyar na aiki, na sata kuwa awa 48 ne, kuma a tabbata jandarma ko ƴan sanda sun rubuta rahotonsu.

Na gida ba dole ba ne, a karkararmu ma ƙalilan ne suke da shi. Wanda ya fi bukatarsa shi ne mai shago a kasuwa ko mai magazan na hatsi. Shi ma a duba da kyau: asirans ɗin gobara bai zama lalle ya ɗauki rushewar gini da ruwan sama ba, sai in an rubuta. A sa wanda ya iya Faransanci ya karanta abin da aka cire, kuma a faɗi ƙimar kayan gaskiya, domin wanda ya rage ƙima diyyarsa ma raguwa take yi.

Ƴan'uwa da ke Libiya, Aljeriya ko Najeriya masu aiko da kuɗin takardun motar gida, ku sa a turo muku hoton takardar da resi ta WhatsApp, ku duba lambar mota, sunan kamfani da ranaku. In motar sayen hannu ce, asirans ɗin tsohon mai ita yana tsayawa kwana biyar bayan ciniki, sai a yi sabo. Mai shiga Najeriya ta Magarya ko Matamai kuwa, tun 1982 katin CEDEAO mai ruwan ƙasa aka sani. Da yake Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya tambayi ofishin asirans takardar da ake karɓa a iyaka kafin ya ɗauki hanya.