Yadda Aka Gano Cewa Ganye Yana Zubar da Haske

Shekaru da dama, tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masanan tsirrai ita ce yadda ganye ke kama hasken rana ya haɗa abinci da shi. Ba a cika tambayar yadda yake yi da hasken da ya fi ƙarfinsa ba, alhali da tsakar rana abin da ke sauka a kansa yakan zarce buƙatarsa nesa ba kusa ba.

A 1937, Robert Hill na Jami'ar Kambirij a Ingila ya niƙa ganye, ya ware korayen ƙwayoyin da ke cikinsa, waɗanda ake kira kuloroflas. Ya nuna cewa suna fitar da iskar oksijin a cikin haske ko da ba sa haɗa sukari, muddin an ba su sinadarin da zai karɓi ilektoron daga gare su. A 1960 shi da Fay Bendall suka zana hanyar da ilektoron ke bi: ana zaro shi daga ruwa, ya ratsa tasha biyu, haske na ɗaga shi a kowace tasha, har ya isa inda za a yi aikin sukari da shi.

Matsalar tana ƙarshen hanyar. In fari ya sa ganye ya tsuke ƙofofin numfashinsa, iskar kabon da ake haɗa sukari da ita sai ta yi ƙaranci, rana kuwa ba ta sassauta ba. Ilektoron ya taru babu mai karɓa. Tun 1951 Alan Mehler ya nuna cewa yana iya faɗawa kan oksijin, abin da ke haifar da sinadarai masu illa ga ganyen kansa.

Maganin ya daɗe a gaban masana ba su gane shi ba. A 1957 David Sapozhnikov a Leningrad ya lura cewa wani rawayan launi na ganye, biyolazantin, yana raguwa cikin haske. A 1962 Harry Yamamoto ya tabbatar cewa rikiɗewa yake yi ya zama ziyazantin, ya kuma koma yadda yake in an shiga inuwa. Amfanin wannan kai-komo kuwa ya ci gaba da zama abin taƙaddama, har aka yi zaton yana da hannu a fitar da oksijin. Sai a 1987 Barbara Demmig da abokan aikinta a Jamus suka danganta ziyazantin da mayar da rarar haske zafi, wanda ganye ke saki ba tare da ya cutu ba. Shekara 30 ke nan tsakanin ganin abu da sanin aikinsa, kuma da wuya a ce rashin kayan aiki kaɗai ya jawo haka: ba a saba tunanin tsiro zai watsar da haske da gangan ba.

A 2000 ɗakin binciken Krishna Niyogi a Kalifoniya ya gano cewa furotin PsbS ne ke kunna wannan kariya idan tsami ya ƙaru a cikin kuloroflas. Sai dai kariyar tana kunnuwa da sauri, tana jinkirin mutuwa. Gajimare ya rufe rana, ganye na ci gaba da zubar da hasken da yanzu yake buƙata. A 2016 masu bincike a jihar Ilinoi ta Amurka suka hanzarta mutuwarta a jikin taba ta hanyar sauya ƙwayoyin gado, amfanin ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari a gonar gwaji. A 2022 aka maimaita dabarar a kan waken suya.