Tarihin Da Ke Cikin Ƙwaryar Nono



Nonon da muke dama fura da shi daga rugagen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, gadon kaka da kakanni ne. Tun yaro yana goye ake ba shi karsana, daga ita garkensa ke tashi.

Gidajen nan sun biya jangali, annobar bushiya ta 1983 ta kwantar musu da shanu, ɓarayi suka addabe su a dajin Falgore. Duk da haka kullum safiya ana tatsa, mata su kaɗa mai, su ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa.

Yau gonakinmu na cinye burtali. In ya toshe, jikokinsu za su yi ƙaura, mu koma madarar gwangwani. Allah Ya kiyaye.