Waƙa a Matsayin Bakin Magana: Nazarin Ƙagaggun Labaran Matasa na Elizabeth Acevedo

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci littattafai uku da Elizabeth Acevedo ta rubuta domin matasa, wato The Poet X (2018) da With the Fire on High (2019) da Clap When You Land (2020). An bi matanin daki-daki, aka dubi zubi da tsari tare da jigo. Nazarin ya gano cewa marubuciyar kan koma ga waƙa duk lokacin da aka toshe wa tauraruwarta bakin magana a gida, ta kuma koma ga zube idan tauraruwar ta sami wata kafar bayyana kanta.

1.0 Gabatarwa

An haifi Acevedo a birnin New York na Amurka a 1988, iyayenta kuwa 'yan ci-rani ne daga Jamhuriyar Dominikan. Ta yi digirin farko a Jami'ar George Washington, na biyu kuma a fannin ƙirƙirar rubutu a Jami'ar Maryland. Kafin a san ta da alƙalami, a kan dandamali aka san ta, a gasar nan da mawaƙi ke tsayawa gaban jama'a ya karanto waƙarsa da ka cikin mintuna uku, alƙalai daga cikin 'yan kallo su ba shi maki. Ƙungiyarta ta lashe gasar ta ƙasa baki ɗaya a 2014.

Ta koyar da Turanci a wata makaranta a jihar Maryland, inda yawancin ɗalibanta baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. Ta sha faɗin cewa ƙorafin yaran, na rashin ganin irinsu a littattafan da ake ba su, shi ya tura ta ga rubutu, kuma su ta sadaukar wa ƙagaggen labarinta na farko. Waɗannan tushe biyu, dandamali da aji, su ne mabuɗin fahimtar salonta.

2.0 Labari Cikin Waƙa Kafin Acevedo

Ba ita ta fara ba da labarin matasa cikin baitoci ba. Karen Hesse ta ci lambar Newbery a 1998 da Out of the Dust, Jacqueline Woodson ta ci Lambar Littafi ta Ƙasa a 2014 da Brown Girl Dreaming, Kwame Alexander ya ci Newbery a 2015 da The Crossover, Sarah Crossan kuma ta ci Carnegie a Birtaniya a 2016 da One. Ke nan ta tarar da hanya a share. Abin da ta ƙara shi ne mayar da waƙar kanta abin da ake rikici a kansa a cikin labarin.

3.0 The Poet X

Xiomara Batista yarinya ce 'yar shekara 15 a unguwar Harlem. Jikinta ya girma da wuri, samarin unguwa sun sa mata ido, ita kuma da dunƙulen hannu ta iya mayar da martani. Mahaifiyarta, Altagracia, 'yar ɗarikar Katolika ce mai tsananin riƙo da addini, wadda a ƙuruciya ta so ta keɓe rayuwarta ga coci amma aka yi mata aure. Mahaifin yana gida, sai dai kamar ba ya nan. A irin wannan gida babu wurin tambaya, balle gardama, saboda haka duk abin da ke cin Xiomara a rai sai ta zuba shi a littafin rubutu da tagwaininta Xavier ya ba ta. Wannan littafin rubutu shi ne abin da mai karatu ke riƙe da shi a hannu.

Nan gwanintar take. Baitocin ba su da amsa-amo ko tsayayyen kari; numfashin mai magana ne ke yanke ɗango. In Xiomara ta fusata, ɗangogi kan gajarce su yi ta bin juna. In tana gaban mahaifiyarta, shafin kan cika da fili, kalmomi su yi ƙaranci, mai karatu ya ga shirun da idonsa. Sifaniyanci kan shigo a bakin uwa, musamman wajen faɗa da addu'a, kuma galibi ba a fassara shi, domin yaran da aka yi littafin dominsu ba sa bukatar tafinta. Wanda ya saurari littafin da muryar marubuciyar, don ita da kanta ta karanta shi, zai ji cewa da kunne aka auna kowane ɗango.

Rikicin ya ginu ne a kan abu mai sauƙi: ƙungiyar mawaƙa ta makaranta, wadda malama Galiano ke jagoranta, tana zama a daidai lokacin darasin tabbatar da imani na coci. Dole Xiomara ta zaɓi ɗaya, ta kuma yi ƙarya a kan ɗayan. Ƙololuwar labarin ita ce ranar da uwar ta gano littafin rubutun ta cinna masa wuta, 'yar tana karanto waƙoƙinta da ka, uwar tana mayar mata da ayoyi. Acevedo ba ta mayar da uwar azzaluma ba. Mace ce da aka taɓa hana wa abin da take so, take tsoron duniya ta cinye mata 'ya. Ko limamin cocin, Fada Sean, mai sauraro ne, kuma shi ya shiga tsakani. A ganin wannan nazari, sulhun ya zo da gaggawa. Rauni irin na ƙona wa mutum rubutunsa ya fi ƙarfin 'yan shafukan da aka ba shi ya warke.

Littafin ya ci Lambar Littafi ta Ƙasa ta adabin matasa a 2018, ya ci lambobin Michael L. Printz da Pura Belpré a 2019. A shekarar kuma ya ci Carnegie, Acevedo ta zama marubuciya ta farko wadda ba farar fata ba da ta same ta tun kafa lambar a 1936. Wannan ya biyo bayan sukar da aka yi wa jerin sunayen 2017, wanda babu ko mutum ɗaya a cikinsa da ba farar fata ba, da kuma bitar da Margaret Casely-Hayford ta jagoranta a kan tsarin zaɓen. Ba a rage wa littafin daraja da faɗin haka. Ana nuna ne cewa shekaru 83 ƙofar ta yi a rufe.

4.0 With the Fire on High

Wannan da zube aka rubuta shi, cikin gajerun babi. Emoni Santiago tana ajin ƙarshe na sakandare a Philadelphia, tana renon 'yar da ta haifa tun tana ƙarama, tana zaune da kakarta. Ba wanda ya hana ta magana, kuma tana da wani harshen: girki. Abin da Xiomara ke yi da baiti, Emoni da tukunya take yin sa, shi ya sa kowane sashe ya buɗe da bayanin yadda ake haɗa wani abinci. Abin yabo a nan shi ne an fara labarin bayan haihuwa, aka tsallake abin kunyar da irin waɗannan labarai kan tsaya a kai, aka koma ga kuɗin tafiya karo ilimi Sifaniya da wanda zai riƙe yarinya.

5.0 Clap When You Land

Ranar 12 ga Nuwamba, 2001, jirgin American Airlines mai lamba 587 da ya nufi Santo Domingo ya faɗi a yankin Queens na birnin New York jim kaɗan bayan tashinsa. Mutum 260 da ke ciki da 5 a ƙasa suka rasu, mafi yawansu 'yan Dominikan. Wata biyu ke nan bayan harin 11 ga Satumba, kuma da aka tabbatar ba ta'addanci ba ne, sai kafafen labarai suka juya baya. Acevedo tana da shekara 13 a lokacin, kuma daga wannan makoki na al'ummarta ta gina labarin.

Camino tana garin Sosúa na Jamhuriyar Dominikan tare da 'yar'uwar mahaifiyarta mai maganin gargajiya, tana burin zama likita. Yahaira tana New York, gwanar wasan dara na Turawa. Ubansu ɗaya, amma ba wadda ta san da 'yar'uwarta sai da ya rasu a hatsarin jirgi. Waƙa ta dawo a nan domin gidajen biyu a kan sirri suke zaune. An bambanta muryoyin ta tsari: baitocin Camino masu ɗango uku ne, na Yahaira masu ɗango biyu, ana kuma ƙidaya kwanaki daga ranar hatsarin. Littafin ya taɓo abin da na farko bai taɓo ba, wato yadda takardar shiga ƙasa ke raba 'ya'yan mutum ɗaya. Kuɗin da uban ke biya ne ya riƙe Camino a makaranta, ya kuma nesanta ta daga El Cero, mutumin da ke farautar 'yan mata domin masu yawon buɗe ido. Da uban ya faɗi, kariyar ta faɗi tare da shi.

Littafin ya shiga jerin ƙarshe na Carnegie a 2021, inda Jason Reynolds ya yi nasara. Ta fuskar gini ya fi The Poet X wuya, domin riƙe muryoyi biyu masu makoki ɗaya ba tare da sun narke cikin juna ba aiki ne babba, kuma matar uban ta New York, wadda ta san sirrin shekara da shekaru ta haɗiye, ta cancanci nazari na musamman.