Tsakanin Gida da Kurmi: Lafiyar Jima'i a Matakan Rayuwar Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu

Tsakure

Maƙalar ta nazarci lafiyar jima'i da ta haihuwa a tsakanin Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu, tun daga balaga har zuwa manyanta. An dogara da alƙaluman binciken ƙanjamau na ƙasa (NAIIS) da na lafiyar al'umma (NDHS), duka na 2018, aka auna su da yanayin zaman baƙunci. Abin da ya bayyana shi ne iyali ɗaya kan rabu tsakanin jihohi biyu, kuma harshe da kunya su ne ke zaɓa wa mara lafiya inda zai nufa.

Gabatarwa

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Mafarautan giwa sun sauka a Elele, cikin Jihar Ribas ta yau, tun ƙarshen ƙarni na 19. Da aka gano kwal a ƙasar Udi a 1909, jirgin ƙasa kuma ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, sai fatake da mahauta suka biyo hanya. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Amma rikicin 1966 da yaƙin basasa, sannan tarzomar Anaca ta Fabrairun 2006 wadda ta sa mutane tsallaka gadar Kwara zuwa Asaba, sun koya wa magidanta da yawa barin iyali a gida. Shi ya sa a unguwannin da Inyamurai ke kira Ama Awusa, da Garikin Ugwuoba da kasuwar shanu ta Lokpanta, za ka tarar da iyalan da suka yi kaka-gida, ga kuma ɗimbin maza masu zaman gwauranci, sai da azumi ko damina a leƙa gida.

Balaga

Binciken NDHS ya nuna matsakaicin shekarun auren fari ga mata bai kai 16 ba a Arewa maso Yamma, alhali ya haura 23 a Kudu maso Gabas. Yarinyar da aka haifa a Inugu tana tsakanin waɗannan ma'aunai biyu: ƙawayenta na boko na shirin jami'a, gwaggonta a Katsina na tambayar yaushe za a sa rana. Tun Oktoban 2023 Nijeriya ke ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, wato ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, domin sankarar ta kashe mata kusan 8,000 a 2020. Makaranta na cikin manyan wuraren da ake bi da allurar, don haka mai talla ko wadda Islamiyya kaɗai take zuwa tana iya kuɓucewa.

Shekarun Aure da Neman Abinci

A nan nauyin maganar yake. NAIIS ya sami masu ɗauke da cutar ƙanjamau kashi 0.6 cikin 100 a Arewa maso Yamma, kashi 1.9 a Kudu maso Gabas, kashi 3.1 a Kudu maso Kudu, Jihar Ribas ita kaɗai kashi 3.8. An rarraba sakamakon ne jiha-jiha. Direban tirela da ke kwana a Eleme ta Jihar Ribas yana jiran lodi, matarsa kuma tana Funtuwa, yana rayuwa a layi biyu na wannan jadawali lokaci guda. Wannan ba zargin 'yan ci-rani ba ne. Da yawansu na kame kansu. Magana ce ta lissafi: inda cuta ta fi yawa, kuskure ɗaya ya fi tsada, kuma wadda ke jira a ɗaki ba ta da ta cewa.

Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024 ta ƙunshi ƙanjamau da ciwon hanta da nau'in jini. Mataki ne mai kyau, sai dai gwaji ne na rana ɗaya, auren da miji ke kurmi kuwa na shekaru ne. Haka nan mai shan maganin ƙanjamau da ya yi rajista a Fatakwal, in ya tafi noma wata uku ba tare da takardar sauya asibiti ba, maganin kan yanke masa, ƙwayar cutar kuma ta sami damar bijire wa magani.

Sai kalmar "sanyi". Da ita ake kiran ciwon gonoriya, da ƙaiƙayin gaba, da fitsari mai zafi, da farin ruwa, har da rashin haihuwa, alhali kowanne da sanadinsa da maganinsa. A ɗakin likita a Anaca, inda ake magana da Inyamuranci ko Turancin buroka, mace kan zo da ɗanta ɗan firamare ya yi mata tafinta. Wace uwa ce za ta bayyana wa ɗanta abin da ke fita daga jikinta? Sai ta ce, "Gaya masa marata ke ciwo." A rubuta mata maganin ulsa, ta koma gida da cutarta. Na daɗe ina ganin wannan ita ce ɓarakar da ta fi kowace girma, kuma ita ce mafi arhar ɗinkewa. Namiji kuwa kemis yake nufa, ya sayi kafso na kwana biyu, zafi na lafawa ya daina sha, matar ba a yi mata magani ba.

Ga wadda doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, akwai cibiyar tarayya a Abakaliki, kusa da Inugu, takwarar ta Babbar Ruga a Katsina. Ba sai an yi doguwar tafiya da ita Arewa ba.

Manyanta

Dattijon da ƙarfinsa ya ragu yakan ce basir ne. Mai magani na nan bakin masallaci bayan Juma'a, da ƙullin gari da kwalabe. Sau da yawa kuwa raunin mazakuta alama ce ta farko ta ciwon suga ko hawan jini, saboda jijiyoyin jinin wurin ƙanana ne, su ke fara nuna lalacewa. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan maganin ƙarfin maza da ake cakuɗawa da sildenafil a ɓoye. In ya haɗu da wasu magungunan zuciya, jini kan faɗi warwas. NAFDAC ce kuma ta rufe kasuwar magani ta bakin gadar Anaca a 2007 da 2025 saboda jabu. Matar da al'ada ta ɗauke mata, bushewar gaba kan kai ta ga kayan mata na matsi, wasunsu na ƙone fata. Jinin da ya dawo bayan ɗaukewar al'ada kuwa na bukatar gwajin asibiti cikin gaggawa.

Shawarwari

Fadar Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci suna da rajistar amana da babu asibitin da ke da ita. Su za su iya zaɓo mata biyu ko uku masu jin harsunan biyu, a horar da su kan riƙon sirri, su riƙa raka mata awo da gwaji. Ga maza, a haɗa gwajin ƙanjamau da na suga da hawan jini a rumfa ɗaya a Gariki, yadda ba wanda zai san abin da ya kai mutum. Lokacin da ya fi dacewa shi ne makonni biyu kafin azumi da farkon damina, sa'ad da motocin Kano da Sakkwato ke cika.