Gangar Sussukar Wake a Injin Girbi

Gangar sussuka ita ce sashen injin girbi da ke juyawa yana raba ƙwayar wake da kwansonta. A manyan gonakin Amurka, musamman jihohin Dakota ta Arewa, Mishigan da Nebraska, zaɓenta babban lamari ne, domin busasshen wake ba shi da juriyar alkama. Bugu kaɗan yake fasa ɓawonsa ko ya raba ƙwayar biyu, kuma kamfanonin da ke zuba wake a gwangwani suna karya farashin fasasshe.

Ganga mai haƙoran ƙarfe ta daɗe da samun karɓuwa. Haƙoranta suna ratsawa tsakanin na ragar da ke ƙarƙashinta, suna tsefe harawa ko da tana da ɗanyen ciyayi, sai dai tana ragargaza kara. Mai sanduna masu kaushi murza take yi, ta fi dacewa da hatsi. Akwai kuma doguwar ganga da ke kwance a tsawon injin, wadda kamfanin International Harvester ya fitar a 1977. Tana zagayawa da amfanin sau da yawa a hankali.

Kowace aka zaɓa, sai an rage gudunta sosai, an buɗa tazarar raga. An fi son damshin ƙwaya kusan kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari.